Tiya Biyu

Ranar Talata, ɗakin ido, asibitin Tawa.
Na rufe taga, na saki labule,
don aikina sai da duhu yake kyau.

Na'ura biyu aka ba ni in gwada.
Babbar na zaune kan tebur kamar suruka,
ba ta zuwa wurin kowa, sai dai a zo mata,
a ɗora haɓa, a jingina goshi, a daina ƙiftawa.
Ƙaramar a jakata take kwana.
Ta hau kabu-kabu har Kalfu ta dawo,
in kuran ya ɗauke, ko a jikinta.

Na talatin da bakwai a littafina
Arzika ne, mai albasa daga Tamaske,
shekara goma sha ɗaya yana fama da ciwon sukari.
Shayi ya bari, in ji shi,
ɗansa na bayansa yana girgiza kai.

Na ɗiga masa magani, muka jira
har baƙin idon ya buɗe kamar bakin rijiya.
Walƙiya ɗaya,
sai ga bayan idonsa a kan allo,
ja, kewayayye, kamar rana gab da magariba,
jijiyoyi sun taso daga tushe guda
sun rarrabu, manya sun haifi ƙanana,
ƙanana sun shige inda ido ba ya bi.

Na auna faɗin jijiya da babbar, na rubuta.
Na auna da ƙaramar, ta yi mini ƙari.
Na sake. Ta sake.
Ratar ba ta kai silin gashi ba,
amma a wannan ɗaki
silin gashi ma gona ne da iyaka.

Ya ce, Cima, wacce ce maƙaryaciyar?
Na ce, Baba, abin da ake biyana in gano ke nan,
wata uku ina kai, ban kama kowa ba.
Babbar ta fi ganin gefen jijiya tsaf,
ƙaramar hannuna na rawa, hotonta na bin hannuna,
amma ita ke isa ƙauyen da mota ba ta zuwa.

Ya yi dariya har hularsa ta karkace.
Ya ce, a kasuwarmu
tiyar Nomau da tiyar Barmo
ba su taɓa cika daidai ba,
kuma ba a taɓa kai su gaban alƙali ba.
Wanda ya ranci gero da tiyar Nomau
da ita yake biya in kaka ta yi.
Wanda ya sauya tiya a tsakiya,
shi ne ke neman rigima.

Sai ya matso, ya kai yatsa kusa da allo,
kan wani ɗigo ja, ƙarami kamar ƙwayar riɗi.
Ya ce, nan ruwa ya fasa.
Haka yake mini a lambu,
hanya ta gaji, ta tsiyaye ta gefe,
fangalin ƙarshe ya kwana da ƙishi.

Ban ce masa a'a ba.
Ɗigon nan duka biyun sun gan shi,
a kansa ba su yi gardama ba.

Da yamma na cika takardar da za ta Yamai,
lamba ƙarƙashin lamba, layi talatin da bakwai.
Babu gurbin da zan sa Nomau da Barmo,
sai na rubuta a gefe da fensir:
wanda aka fara auna wa da wannan,
a ci gaba da auna masa da ita.

Arzika ya fita, rana ta yi masa yawa,
maganin bai sake shi ba tukuna.
Ya dafa kafaɗar ɗansa, ya waiwayo:
bayan wata shida, ko?
Ki ajiye mini ƙaramar.
In na kasa zuwa, ita ta san hanya.